Wa ke ɗaga waya, wa ke sauraro: nazarin matsalar wayoyin wani kamfani

Ƙorafin da ya jawo ni cikin maganar gajere ne. Kwastomomi suna cewa in suka kira sashen kula da su ba a ɗagawa, ko kuma a ɗaga su ji wata murya tana cewa su bar saƙo. Manaja kuwa yana riƙe da rahoton wata, rahoton yana nuna kusan duk kiran da ya shigo an amsa shi. Da ya haɗa biyun sai ya yanke hukunci cewa ma'aikata ne ke ɗagawa su kife. Saboda haka bai kira ni don gyara ba. So yake in buɗe masa hanyar da zai riƙa sauraron kiran ma'aikata daga ofishinsa ba da saninsu ba, har ya kama mai yi.

Na ce masa, ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku in duba rajista tukuna. Ransa bai so ba, amma ya yarda.

Kamfanin matsakaici ne, yana sayar da kayan aiki yana kuma gyara su. Wayoyin tebur sun kai arba'in, duk suna kan netwok ɗin ofis, kwamfuta guda ce ke raba musu kira. Manhajar da ke kanta Asterisk ce, wadda Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999, an ɗora mata FreePBX don a riƙa saita ta daga burauza. Wanda ya kafa tsarin ya gama aikinsa ya tafi tun kafin zuwana, bai bar ko takarda ɗaya ba. Ni ma da na karɓa ban leƙa ciki ba, tunda waya tana ƙara ana magana. Wannan sakacina ne, kuma za a ga inda ya kai mu.

Abin da rajista ta nuna

Duk kiran da ya ratsa kwamfutar yana barin sawu a rajista: lambar da ta kira, inda kiran ya nufa, tsawon lokacinsa duka, tsawon maganar da aka yi, da yadda ya ƙare, wato an amsa, ko ba a amsa ba, ko an tarar ana kan layi. Rahoton manaja wannan kalmar ta ƙarshe kaɗai yake ƙirgawa. Ni sai na ɗauki kiran sashen na jera su bisa saurin da aka amsa. Ban yi minti goma ba abin ya fito fili. Akwai tarin kira da aka amsa cikin daƙiƙa biyu ko uku, maganar kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Mutum yana iya yin saurin ɗagawa sau ɗaya ko biyu, amma ba kullum ba, kuma ba da tazara iri ɗaya ba kamar agogo. Da na bi sawunsu sai na ga dukkansu ba su tsaya a ofis ba, sun fita waje zuwa wata lambar salula guda.

Lambar ta wata ma'aikaciyar sashen ce. Watanni baya, wata rana da za ta fita da wuri, ta danna *72 a wayar teburinta ta karkatar da kiranta zuwa salularta don kada kwastoman da take jira ya rasa ta. Niyya mai kyau. Washegari ta manta ta danna *73 ta soke. Ba ta lura ba domin aikinta ya fi karkata ga kiran waje, wayar tebur kuma in dai kira za ka yi ba ta nuna wata matsala. Daga baya ta sayi sabon layi, tsohon ya koma cikin aljihun tebur a kashe.

An saita sashen ne a matsayin rukunin kira mai wayoyi shida, irin wanda duka suke ƙara lokaci guda, wanda ya riga ɗagawa shi ke da kira. To kwamfuta ba ta san bambancin mutum da na'ura ba. A yaren da wayoyin intanet ke magana da shi, wato SIP, amsa kira saƙo ne mai lamba 200. Da zarar wannan saƙon ya iso daga kowane ɓangare, kwamfuta tana haɗa mai kira da shi, ta umarci sauran wayoyin su yi shiru. Salular da ke kashe kuwa, akwatin saƙon murya na kamfanin layin ne ke amsa mata, kuma nan take yake amsawa. Haka na'ura ta riƙa riga mutum biyar ɗagawa. Wayoyin tebur su yi ƙara ɗaya su yi tsit, kowa ya ɗauka abokin aikinsa ne ya ɗauka, ya ci gaba da abin da yake yi. Kwastoma ya ji a bar saƙo ya katse cikin fushi, rajista ta rubuta an amsa.

Da na zauna a sashen rabin yini na ga sauran. Ko a lokutan da kiran ya tsira daga wancan tarko, waya biyar suna ƙara tare kowa yana kallon na kusa da shi. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, amma nan jar koma biyar ce, kowa na jiran wani ya jefa. Bayan daƙiƙa 20 kiran yakan tafi inda aka tsara masa in ba a ɗaga ba. Na duba, akwatin saƙon wani ma'aikaci ne da ya bar aiki tun bara. Asterisk, in ba a canza ba, saƙo 100 yake karɓa a akwati. Akwatin ya cika tuntuni, ba wanda ya san lambar sirrinsa, ba wanda ma ya san yana nan.

Gyaran wannan ɓangaren bai ci rana guda ba. Na soke karkatarwar, na kuma kunna zaɓin da ke hana rukuni bin karkatarwar da mutum ya yi wa wayarsa. Sashen sayarwa na bar shi a rukuni, domin su kowa ɗokin ɗagawa yake. Akwai ma'aikacin gyara guda da dole salularsa ta kasance cikin rukuninsu saboda yawo yake, sai na kunna masa tabbatarwa: in ya ɗaga zai ji ana cewa ya danna 1 kafin a haɗa shi, abin da akwatin saƙo ba zai iya yi ba. Sashen kula da kwastoma kuwa na mayar da shi layin jira. Bambancin yana da girma. Rukuni yana buga wayoyi ne kawai ya ga wa zai ɗauka. Layin jira yana riƙe mai kira, ya san wa ke kan aiki, ya kuma zaɓi mutum guda ya miƙa masa. Na zaɓi tsarin da ke ba wanda ya fi daɗewa bai karɓi kira ba, na sa 'yan daƙiƙu na numfasawa bayan kowane kira don a samu rubuta abin da kwastoma ya ce. Da safe kowa ya danna *45 ya shiga layi, in zai tashi ya danna *46 ya dakata. Yanzu in waya ta yi ƙara a gabanka, taka ce, babu kallon kowa.

Sai rukunin ɗauko kira. Wannan shi ne abin da ke ba ka damar danna *8 ka ɗauko kiran da ke ƙara a teburin abokin aikinka da ya tashi. Kowace waya tana da saiti biyu a nan, rukunin da take ciki da rukunin da take da izinin ɗaukowa daga gare shi, da lambobi daga 0 zuwa 63. Wanda ya kafa mana ya zuba kowa a rukuni na 1. Ma'ana mai tsaron sito yana iya ɗauko kiran banki da ke ƙara a ofishin akanta. Na raba su sashe sashe, sakatariya kaɗai na ba ikon ɗaukowa daga ofishin manaja.

Da a nan aka tsaya, da labarin ya ƙare da daɗi.

Lamba 555

Cikin wannan tonon rajistar ne na jera lambobin ciki da aka fi kira, don in ga ko akwai wani rukuni da na manta. Sai ga 555. Ba mu da waya mai wannan lamba. A FreePBX, 555 lambar ChanSpy ce, wato abin sauraron kira. Wanda ya danna ta zai faɗa kan wani kira da ke gudana ya ji ɓangarorin biyu, in ya danna tauraro ya tsallaka zuwa wani kiran, in ya danna # ya canza ƙarfin murya. Waɗanda ake sauraro ba sa jin komai. A tsarinmu lambar a buɗe take ga kowace waya, ba ta tambayar lambar sirri, ba ta ware kowa. Abin da manaja ke roƙona in buɗe masa yana nan a buɗe shekara da shekaru, ga shi har ga mai shara.

Kuma ana amfani da ita. Kiran ba su da yawa, amma dogaye ne, mafi yawansu bayan azahar, kuma duk daga wayar ɗakin taro, wadda kowa ke shiga. Rajista tana rubuta wayar da ta danna 555 da tsawon zaman da aka yi, amma ba ta rubuta kiran wa aka saurara. Wannan yana cikin cikakken bayanan aikin kwamfutar ne, su kuma ana share tsofaffinsu bayan 'yan kwanaki. Na tafi ɗakin taron na rufe ƙofa na danna da kaina don in tabbatar. Muryar akanta na ji yana karanta wa wani lambar asusu a hankali, lamba lamba. Na kife wayar da sauri kamar ta ƙona ni, na koma tebur na kashe lambar kafin in gaya wa kowa.

Da na kai wa manaja bayanin, ɓangaren farko ya yi masa daɗi, har ya yi dariyar labarin salular aljihun tebur. Da na zo kan 555 sai ya yi shiru, domin ya gane wayarsa ma tana cikin waɗanda za a iya saurara. Daga nan maganar ta sauya. Mutumin da ya kira ni yana neman kunne a kan kowa shi ne yanzu yake tambaya ta yaya za a tabbatar ba wanda ke da kunne a kansa.

Ra'ayina, kuma na faɗa masa, shi ne sauraron kira abu ne mai amfani idan an san dalilinsa. Sabon ma'aikaci yana koyon aiki da sauri in akwai wanda ke jin yadda yake magana ya gyara masa. Kwastoma mai zafin rai yana sauka in shugabar sashe ta shigo ta karɓi maganar. Amma ba a kunna shi don farautar mai laifi a matsalar da ba a riga an bincika ba. Da na buɗe masa ranar farko, da ya shafe mako yana sauraron ma'aikata masu aikinsu daidai, kiran da ke ɓacewa kuma ba zai taɓa jinsu ba, tunda ba sa sauka a wayar kowa.

Muka zauna mu uku da shugabar sashen, muka rubuta amsar tambayoyi kafin in taɓa kwamfuta. Wa zai saurara: ita da mataimakinta, daga wayoyinsu kaɗai. Wa za a saurara: ma'aikatan layin jira. Wane kira: wanda ya shigo ta layin jira, ban da kiran da mutum ya yi da kansa, ban da na ciki tsakanin ma'aikata. Manaja ya nemi a sa sunansa, shugabar sashen ta ce, ranka ya daɗe, in kana son jin aiki ka zo ka zauna kusa da ni mu ji tare. A haka aka tsaya.

Sannan na gina. ChanSpy yana da yanayi uku. Akwai sauraro zalla. Akwai raɗa, inda mai sauraro ke magana ma'aikaci kaɗai ya ji. Akwai kutsawa, inda kowa ke jin kowa. Da zaɓin d, mai sauraro yana sauya yanayi da madannan waya: 4 sauraro, 5 raɗa, 6 kutsawa. Na ƙirƙiri sabuwar lamba da ake haɗawa da lambar ma'aikaci, wadda take fara duba daga wace waya aka kira, sannan ta nemi lambar sirri. Don ware kiran da aka yarda a saurara, Asterisk yana da wata alama mai suna SPYGROUP da ake liƙa wa kira, sai a ce wa ChanSpy kada ya taɓa kiran da ba shi da ita. Na sa layin jira kaɗai ke liƙa ta. Na kuma sa kowane sauraro ya bar rubutu: wa ya saurari wa, yaushe, na tsawon wane lokaci.

Gwajin farko ya ba ni kunya, gara da muka yi shi da wayoyinmu. Abokin aikina ya kira daga salularsa a matsayin kwastoma, wata ma'aikaciya ta ɗaga, shugabar sashen ta shiga ta danna 5 ta ce a gaya masa garantinsa ya ƙare. Ma'aikaciyar ba ta ji komai ba. Shi kuwa daga can bakin ƙofa ya ɗago hannu yana dariya, ya ji tar. Dalili shi ne kowane kira ƙafa biyu gare shi a cikin kwamfuta, ƙafar mai kira da ƙafar mai ɗagawa, kuma raɗa tana zuwa ne ga ƙafar da aka kama. Ni na liƙa alamar a ƙafar da ta shigo daga waje, wato ta kwastoma. Na gyara ta yadda alamar za ta bi kiran har ƙafar ma'aikaci, aka kuma tilasta a kama ƙafarsa da suna. A nan ma akwai wani ɗan tarko: ChanSpy yana kama duk sunan da ya fara da abin da ka ba shi, don haka in ka ba shi 20 zai iya kama 201 ko 205. Sai ka rufe lambar da alamar - da ke biye da ita a sunan ƙafar. Daga baya muka gano wani abin da ba na saiti ba ne. In ma'aikaci ya sa waya a sifika, raɗar tana fitowa fili ta koma cikin makirufo, kwastoma ya ji. Dokar sashen yanzu ita ce a yi aiki da abin sawa a kunne.

Naɗar murya ta fi sauraro nauyi, domin sauraro yana wucewa, naɗi yana zama. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar tarayya ta wadatu da yardar ɓangare ɗaya, amma jihohi irin su Kalifoniya suna buƙatar yardar kowa da ke kan layi. A Tarayyar Turai, tun da dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki a 2018, dole ne a sami halattaccen dalilin naɗi, a sanar da mutum, kada kuma a ajiye fiye da buƙata. Na ce wa manaja wannan ba aikina ba ne, a tambayi lauyan kamfani kan dokar inda muke da inda masu kiranmu suke. A nawa ɓangaren na sa sanarwa a farkon layin jira cewa ana iya sauraro ko naɗar kiran don inganta aiki. Na kuma koya wa ma'aikata dakatar da naɗi in kwastoma zai karanta bayanan katinsa, domin ƙa'idar PCI DSS ta masu katin banki ta hana ajiye lambar tsaron kati bayan an gama biya, ko da a cikin murya ne. Wurin ajiya ma lissafi ne: naɗi irin na waya wanda ba a matse ba yana cin kusan megabait ɗaya a minti. Aka tsayar da wa'adi, kwamfuta tana share abin da ya wuce shi da kanta, mutum biyu kaɗai ke iya buɗe fayilolin.

Tunda na riga na tsorata, na bi sauran ƙofofin. Lambar *80 tana sa wayar wani ta ɗaga kanta a sifika, abin da aka yi don sakatariya ta yi wa oga magana ba sai ya miƙa hannu ba. Amma in ofis ba kowa a kusa da waya ya ji ɗan ƙarar gargaɗin, ta zama kunne a ɗaki. Na rufe ta a ofisoshin akanta da manaja da ɗakin taro. Rukunin shela, wanda ke sa wayoyi da yawa su yi magana lokaci guda, na tabbatar hanya ɗaya yake, makirufon masu ji a kashe. Ɗakin taron waya kuma, wato lambar da mutane da yawa ke kira su yi taro ta waya, lambar sirrinsa ɗaya ce tun kafuwarsa, har tsofaffin ma'aikata sun san ta. Na canza ta, na kunna ƙarar da ke sanar da shigowar mutum.

Abin da ya fi wuya shi ne gaya wa ma'aikata. Manaja ya so a yi shiru tunda an riga an rufe. Na ce wanda ya riƙa danna 555 ya san ta daina aiki, in muka yi shiru shi kaɗai zai san gaskiya, sauran su ji ta a bakinsa yadda ya ga dama. Aka tara su. Na bayyana abin da aka samu da abin da aka rufe, na kuma ce laifin rashin dubawa nawa ne. Shugabar sashen ta karanta sabuwar ƙa'ida, aka ba kowa kofe ya sa hannu. Wata ma'aikaciya ta tambaya ko kiran da ta yi wa likitanta daga wayar ofis yana cikin abin da aka saurara. Na ce mata, Malama, a tsohon tsari yana iya yiwuwa, a sabo kuma kiran da kika yi da kanki ba ya ɗauke da alamar, ko shugabarki ba za ta iya shiga ba. Ta gyaɗa kai, amma na lura tun daga ranar salularta take fita da ita waje.

Ba a gano mai danna 555 ba, manaja kuma bai matsa ba. Wayar ɗakin taro yanzu lambobin ciki da ɗakin taron waya kaɗai take iya kira. A farkon kowane wata ina fitar da jerin wayoyin da ke da karkatarwa, da membobin kowane rukuni, da rubutun sauraro, in miƙa wa shugabannin sassa su duba. A takardar sallamar ma'aikaci an ƙara layi uku: a cire shi daga rukuni da layin jira, a kwashe akwatin saƙonsa, a canza duk lambar sirrin da ya sani.

Bayan wata biyu shugabar sashen ta dawo da buƙata. Ta ce raɗa tana rikita sababbin ma'aikata, suna jin murya biyu sai su tsaya cak a tsakiyar magana, wata ma ta taɓa amsa mata da "to, Anti" kwastoma yana ji. Ta fi son ta saurara ta rubuta, in an gama kiran su zauna. Na cire mata 5 da 6 a kan sababbi, na bar mata su a kan waɗanda suka daɗe. Mataimakinta bai yarda ba, yana ganin sabo ne ya fi buƙatar a ceto shi a tsakiyar kira, kuma har yau in aka ɗauki sabon ma'aikaci sai sun sake wannan gardamar kafin su turo mini lambarsa.